Mandolin Ba Ya Jin Sanyi

Ba zan taɓa mantawa da walimar rufe ajinmu na yaƙi da jahilci ba, ko da kuwa na so in manta, domin Tanko direba yana nan da ransa, kuma ya yi rantsuwa zai riƙa tuna mini har ɗayanmu ya riga ɗaya. Tunda labarin ya zaga unguwar Hayyin Ashir, har ya tsallaka unguwar Ard al-Liwa da ƙarin gishiri, gara in ba da shi da kaina, yanzu da hannun nan ya iya riƙe biro.

Ni kuku ne. Na daɗe ina dafa wa ma'aikatan ofishin jakadancinmu abinci a nan Alƙahira, wannan maigida in zai koma gida ya bar wa wancan ni, kamar tukunyar gado. Na iya Larabcin kasuwa, na san mai naman da ba ya cuta, na san lungun da ake samun busasshiyar kuɓewa. Amma har furfura ta fito mini ban iya karatun boko ba. Matata Binta ita ta gama sakandare. Duk saƙon da ya shigo wayata ita take karanta mini, ita take mayar da amsa, tun muna da ƙuruciya. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. (Da tana gori, ai da na samu abin yin fushi in huta.)

Da Malama Rifkatu ta buɗe aji, ina cikin na farkon da suka je. Matar wani ma'aikacin ofishin ce, 'yar Zonkwa, ta yi shekaru tana koyarwa a firamare kafin su zo. Ranar Asabar muke haɗuwa a wani ɗaki a Hayyin Ashir: masu dafa abinci, direbobi, da mata masu saro kaya a kasuwar Ataba. A ajin nan kaf ni ne kurar baya. In ina ni kaɗai a kicin, nakan haɗa baƙi da wasali su zauna lafiya. Amma da an ce in karanta a ji, sai harshena ya sandare kamar tuwon jiya. A gida kuwa ko buɗe littafin ban taɓa yi a gaban Binta ba. A bayan buhun shinkafar maigida nake ɓoye shi.

Kusa da ni Tanko yake zama. Shi Bakatsine, ni Bahaɗeje, to kun san sauran. Duk sanda na tsaya ina i'ina, sai ya ce, "Malama, a ba shi ruwa, kifin Haɗeja ya fito tudu."

Wata Asabar Malama ta ce, "Idan mun gama littafin nan za mu yi walima a saman bene. Kowa ya zo da iyalinsa, kowa kuma zai tashi ya karanta a gabansu."

Kowa ya yi tafi. Ban da ni. In Tanko ne zai yi mini dariya, wannan na saba. Amma in tsaya gaban Binta ina ba-ba-ba kamar tunkiya, ita da take karanta jaridar Turanci tana jajjaga kayan miya, wannan kam ban ga yadda zan iya ba.

A nan mandolin ya shigo maganar.

A ƙasan benen da muke karatu akwai shagon wani tela, Ammu Usman, wato Baffa Usman da Larabcin nan. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa suka tashi daga ƙasar Sakkwato za su Makka suka zauna a hanya. Da yaƙi ya taso su daga Omdurman, ya bar keken ɗinkinsa ya bar katifa, amma ya rungumo mandolin ɗinsa. Idan aiki ya yi sauƙi yakan ɗauko shi ya ɗan taɓa. Ga wanda bai san shi ba, mandolin kamar ƙanin molo ne, ɗan ƙarami, cikinsa na katako, tsirkiyarsa ta ƙarfe guda takwas a jere biyu-biyu. Muryarsa siririya ce mai kaifi. Ranar da na fara ji, tsayawa na yi a bakin shagon da ledar tumatir a hannu har na manta inda za ni.

Abin da ya tsayar da ni kawuna ne, Kawu Ɗanjuma, makaɗin garayar mafarauta a garinmu. Ina yaro nakan bi shi, babana ya kamo ni da kunne. Na girma da kwaɗayin abin a raina, ban taɓa gaya wa kowa ba. To ga shi a tsakiyar Masar wani dattijo yana kaɗa abin da ya yi kama da muryar gida.

Na fara da wani tsohon mandolin da na tsinta wajen masu baza kayan gwanjo a bakin titi. Tsirkiyarsa ta yi nesa da wuyan, sai ka danna da ƙarfin tuƙa tuwo kafin ta taɓa. Yatsuna suka farfashe. Ammu Usman ya juya shi gaba da baya ya ce, "Ya zol, wannan ba na kiɗa ba ne, na yanka albasa ne. Kai shi kicin." (Ya zol ɗin nan haka mutanen Sudan suke kiran mutum, ko ana daɗi ko ana faɗa.) Duk da haka a kansa ya koya mini riƙon risha, wato 'yar robar da ake kaɗa tsirkiyar da ita. Ni kuma haƙuri ne kaɗai jarina. Mutumin da ya iya tsayawa kan wake har ya nuna ba ya gajiya da maimaita abu ɗaya. A hankali na zaƙulo wani kiɗan Kawu daga cikin kaina, na ɗora shi a kan tsirkiyar ƙarfe. Shi kaɗai na iya, amma na iya shi.

Sai dabara ta faɗo mini. Bayan an tashi daga aji na tsaya na ce, "Malama, walima ba kiɗa ai kamar miya ce ba gishiri. Me zai hana sauran su yi karatu, ni in rufe taro da kiɗa?"

Ta dube ni ta saman tabarau. Matar nan ta ga dabarun yaran firamare iri-iri, tawa ba sabuwa ba ce a wurinta.

"Baba Kuku, gudu kake yi."

"Haba Malama, taimakon taro ne."

"To na yarda. Amma ka ji sharaɗina. In kiɗa ya samu, ka tsira. In bai samu ba, karatu."

Na ce na amince. A raina na ce me zai hana kiɗa samuwa? Abu ɗaya ya rage, ba zan fito gaban jama'a da abin yanka albasa ba. Na fasa ɗan tanadin da nake yi don sayen sabuwar babbar riga. Binta ta ce, "Malam, da girmanka?" Na ce girman ne ya sa.

Ranar hutuna Ammu Usman ya rufe shago muka hau mikrobas, 'yar ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Ataba, muka ratsa cunkoson 'yan sari zuwa layin masu kayan kiɗa. Shagunan nan ka ga ud, babban molon Larabawa, a rataye reras kamar kabewa a rumfa. Idona nan da nan ya faɗa kan wani mandolin a bayan gilashi, an yi masa ado da ƙyalƙyali tun daga kai har gindi, yana walƙiya kamar sirdin biki. Na ce, "Ammu, ga shi can."

Ko waiwayawa bai yi ba. "Wannan na masu yawon buɗe ido ne, a rataye a bango. Kai da kunne za ka saya ko da ido? Yalla, mu je."

Ya ja ni wani ɗan lungu, shagon da ba shi da ko allon suna, ƙasa duk ɓawon katako. Mai shagon tsoho ne gajere, kowa Usta yake ce masa, yadda ake kiran gwanin sana'a a nan. Aka kawo shayi, domin a Masar ba a fara maganar kirki da busasshen maƙogwaro. Sannan Ammu ya cire mayafin wuyansa ya ɗaure mini ido, a gaban mutane, da furfurata.

"Ammu, mene ne haka?"

"Idonka ɓarawo ne. Zauna."

Usta ya riƙa ɗora mini su a cinya ɗaya bayan ɗaya. Ammu ya ce in kaɗa tsirkiya ɗaya in saurara, in ji ko sautin zai mutu nan take ko zai ɗan yi tafiya. Ya ce in bi wuyan da yatsa gaɓa-gaɓa har ƙasa, in ji ko akwai inda yake zuza kamar ƙudan zuma. Ya ce in lura ko yatsana yana wahala kafin tsirkiya ta kwanta. Ni ma na ƙara da ilimina na kuku: na ƙwanƙwasa cikin kowanne kamar mai zaɓen kankana, na kuma sansana. Wani warin fenti yake, wani nauyi kamar turmi, wani kuwa murya gare shi kamar gwangwani. Ina ji Usta yana dariya yana ce wa Ammu, "Abokinka zai saya ne ko zai dafa?" (Ku riƙe wannan tambayar, za ta yi amfani nan gaba.)

Can aka ɗora mini wani mara nauyi. Na kaɗa sau ɗaya, sautin ya tashi ya zaga shagon, na ji shi har a ƙirjina ta bayan katakon. Na danna, tsirkiya ta kwanta kamar tana jirana. Na ce, "Wannan."

Aka kwance mini ido. Na dubi abin da na zaɓa. Ba ado ko ɗigo, launin ƙasa-ƙasa, har da ɗan tabo a gefe. Bayansa a kumbure, an jera siraran katako an manne su kamar ɓarin lemo. Ammu ya ɗaga shi saitin ido ya leƙa tsawon wuyan kamar maharbi, ya ga a miƙe yake, ya gyaɗa kai. Usta ya ce da hannunsa ya yi shi. Da zai miƙo mini a cikin akwatinsa ya ce, "Ka riƙe shi kamar jariri."

Na ce tamam, wato na ji na yarda.

Daga ranar, da na sauke tukunya sai in ɗauki mandolin. Ammu ya koya mini abubuwa da yawa: in goge tsirkiya bayan na gama, kada in bar yara su taɓa, kada in jingine shi inda zai faɗi. Abu ɗaya ne bai gaya mini ba, kuma daga baya ya ce bai taɓa zaton akwai ɗan Adam ɗin da yake bukatar a gaya masa ba.

Walimar ta faɗo tsakiyar sanyi. Wanda bai zauna Alƙahira ba yana zaton kullum zafi ne, to sanyinta har ƙashi yake shiga, balle a saman bene inda iska ba ta da shamaki. Aka shimfiɗa tabarmi tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya, aka jingine allon Malama a bango. Mata suka zo da zoɓo da cincin. Tsire kuwa ba sai an tambaya ba, ni ne a kansa. Na hura gawayi a rabin ganga, na jera nama, ƙamshin ƙuli da yaji ya sa har maƙwabta Misirawa suna leƙowa ta taga.

Da na ga nama ya kama hanya, sai na buɗe akwati in ɗan gwada. Na kaɗa, na ji muryar ta yi siriri, ba ta cika kunne kamar a ɗaki ba. Yanzu na san dalili: fili ne, iska tana kwashe sautin, yatsuna kuma sun ƙage. Amma a lokacin abin da ya zo mini Kawu Ɗanjuma ne. Na gan shi ƙiri-ƙiri a lokacin ɗari, mafarauta sun kewaye shi, ya kara fuskar garayarsa kusa da wuta yana juya ta, yana ɗan ƙwanƙwasa fatar da yatsa har ta ɗaure ta fara amsawa. Yakan ce, "Garaya ba ta magana da sanyi a jikinta." Duk makaɗin da na sani a ƙasarmu haka yake yi, mai kalangu, mai gurmi, mai goge. Kowa ya san fata sai da ɗumi.

Ban tsaya na tambayi kaina ina fatar take a jikin mandolin ba. Na ma ji daɗin kaina. Na ce lallai Ammu gwani ne, amma akwai sirrin da sai ɗan gado. Kuma ai Usta da bakinsa ya ce jariri, wa yake barin jariri cikin sanyi?

Ammu ya sauka sallar la'asar. Na samu bulo na jingine mandolin a gefen gangar, na juya shi ta ciki, na juya shi ta baya, yadda Kawu yake yi. Niyyata ɗan jim kaɗan. Sai ga Tanko ya lallaɓo ya zare tsinke biyu. Na bi shi da mafici, ya ce Bahaɗeje bai san hakkin baƙo ba, na ce ɓarawo ba baƙo ba ne. Kafin mu gama wata Hajiya ta ce kada a sa wa nata yaji, wani ya ce nasa ya ƙone. Nama kuwa ba ya jira. Sai da na sauke tsinken ƙarshe na tuna.

Na ɗauko shi da zafinsa kamar burodin da aka fito da shi yanzu, jikinsa yana ɗan danƙo. Na ce madalla, ya ji jiki. Na mayar da shi akwati na rufe, wai kada ɗumin ya fita.

Aka fara karatu. Hajiyar da ba ta son yaji ta karanta nata, 'ya'yanta suna tafi. Wani mai gadi ya karanta nasa yana gumi cikin sanyin nan. Tanko ya tashi ya gyara hula, ya karanta da murya irin ta mai labarai a rediyo, ya tsallake layi guda bai ma sani ba. Binta tana can cikin mata da mayafinta mai ruwan toka. Ni kuwa hankalina kwance, ina tausaya musu.

Malama ta ce, "Yanzu Baba Kuku zai rufe mana taro."

Da na zauna kan kujera na yi shiru na fara, da abin ya zo da sauƙi. Amma sai da na yi jawabi. Na ce, "Jama'a, kowa da inda Allah ya ba shi. Wani a biro, wani a yatsa. Mu a gidanmu kiɗa gado ne, akwai abubuwan da ba a koyo a aji." Har da kallon Tanko.

Na fara. Kuma don Allah a rubuta mini wannan: farkon ya yi daɗi. Wata tsohuwa 'yar Zinder har ta ce, "Allah sarki, gida!" Na lumshe ido.

Sai na ji sautin yana sauka, kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Na ce tsirkiya ce ta saki. Na kai hannu kan kunnuwan da ake murɗawa na ƙara ɗaure ta, na ci gaba. Ya sake sauka. Na sake murɗawa. Na lura tsirkiyar tana nisa da wuyan, har ta fi ta abin yanka albasa. Daga can bakin matakala na ji muryar Ammu, "Ya zol! Kada ka murɗa! Sake ta, sake ta!"

Na ɗaga masa kai da murmushi, irin na kwantar da hankalinka malam, ɗalibinka ya san abin da yake yi. Na kama kunnen na murɗa da kyau.

Ƙas!

Wuyan ya tuma gaba ya durƙusa kamar raƙumi. Siraran katakon bayan suka buɗe ɗaya bayan ɗaya a kan cinyata. Na tsinci kaina da wuya a hannun hagu, ciki a kan gwiwa, tsirkiya tana lilo a tsakaninsu, risha kuma tana hannun dama a sama, tana jiran abin da za ta kaɗa. Wani wari ya taso, kuma a matsayina na kuku nan take na gane shi: warin ganda ne a kan wuta. Ashe da irin mannin da ake dafawa daga fata ake haɗa katakon, zafi kuwa narkar da shi yake. Wato akwai fata a jikin mandolin, sai dai ba inda nake zato ba.

Wurin ya yi tsit, har ana jin hon ɗin motoci daga titi. Ammu ya iso ya taɓa katakon, ya janye hannu da sauri.

"Me ka yi masa?"

Na ce a hankali, "Na ɗan ɗumama shi ne."

"Ka me?"

"Sanyi yake ji, Ammu."

Tanko ne ya fara. Faɗuwa ya yi daga kan benci yana riƙe ciki. "Jama'a, gado ne! Wallahi gado ne! A miƙo yaji da albasa, Bahaɗeje ya gasa molo!" Shi ke nan wurin ya ɓarke. Mai gadi yana dukan tankin ruwa, Hajiya tana share hawaye da gefen mayafi, Misirawan taga suna tambaya me ya faru, wani yana fassara musu, su ma suka kama.

Tsohuwar nan 'yar Zinder ta tausaya mini ta ce, "Ammu, ai naka yana ƙasa, ara masa mana ya ƙarasa."

Ammu ya ce, "Hajiya, na ratso sahara da shi a ƙirjina, harsashi bai same shi ba. Ba zan kawo shi inda mutumin nan yake da gawayi ba. Khalas, magana ta ƙare."

Malama Rifkatu ta bari dariya ta lafa, ita ma tana cije leɓe. Sannan ta ce, "Baba Kuku, ma'alish, sai haƙuri. Amma mun yi sharaɗi."

Na ce, "Malama, ai ban zo da littafi ba." (Yana bayan buhun shinkafa, inda ya saba.)

"Ga allo, ga alli!" in ji Tanko. Ya yi wuf ya tashi. "Malama, bar ni in rubuta masa, yau ranata ce." Ya tsaya ya yi ta zana manyan baƙaƙe a karkace, harshe a waje, ya ja da baya yana washe baki.

Na ajiye gawar mandolin a kan kujera na taka zuwa allon. Ban kalli wajen mata ba. Wani abin mamaki, tsoron da na yi wata da watanni ina ɗauke da shi sai na neme shi na rasa. Mutumin da ya riga ya faɗa rijiya ba ya gudun yayyafi. Na ɗora yatsa a ƙarƙashin baƙin farko.

"Ku... ku. Kuku. Ya ga... sa. Kuku ya gasa na... ma."

Ba wanda ya taya ni.

"Na... ma ya yi da... ɗi."

"Gaskiya ne!" in ji mai gadi.

"Kuku ya ga... sa..." Na tsaya. Kalmar gaba doguwa ce, ban taɓa ganinta a rubuce ba. Na bi ta gaɓa-gaɓa yadda na bi wuyan mandolin a shagon Usta. "Man... do... lin."

Sai da ta fita daga bakina na ji abin da na faɗa. Dariya ta sake tashi, wannan karon har da ni. Layi ɗaya ya rage, na karanta shi a tafi ɗaya: "Wa zai ci?"

Na karɓe allin daga hannun Tanko. Na rubuta a ƙasa, baƙi bayan baƙi, manya yadda na baya za su gani: TANKO.

A nan ne na ji guɗa. Na san muryar, rabona da jin ta tun bikin ƙanwarta. Binta ce a tsaye, mayafi ya zame, ta kama hanci tana rangaɗa guɗa a saman benen mutane a tsakiyar Alƙahira. Malama tana tafi, Tanko yana cewa an yi masa maguɗi.

A hanyar gida ina rungume da akwati, abin da ke ciki yana ƙwaram-ƙwaram. Can Binta ta ce, "Malam, tun yaushe ka iya?"

Na ce, "Ban iya ba, kin dai ji yadda nake yi."

"Na ji. Tun ina amarya nake son in ji haka. Da na san sai an gasa abu za ka karanta, ai da tuni na hura maka gawayin da kaina."

Muna shiga gida wayata ta yi ƙara. Na miƙa mata kamar kullum. Ta mayar da hannunta baya ta ce, "Na yi ritaya." Saƙon maigida ne a kan cefanen gobe. Sai da shayinta ya huce kafin na gama, tana zaune tana kallona, ba ta taya ni da ko wasali ɗaya ba. Har yau haka muke.

Ranar hutuna Ammu ya raka ni wurin Usta. Usta ya buɗe akwati, ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki ɓari ɗaya ya kai hanci. Ya dubi Ammu ya ce, "Ashe dafawa zai yi."

Na sunkuyar da kai na ce ko ya mutu ke nan. Ya ce a'a. Ya nuna mini gefen kowane katako, ba wanda ya tsage, mannin ne kawai ya saki. Ya ce da mai ƙyalƙyalin nan ne, da sai dai shara, amma abin da aka yi da kyau yana kwancewa ne ta inda aka haɗa shi, a sake mayarwa. Ammu ya ce, "Ka ga amfanin ɗaure maka ido. Saura in samo abin ɗaure maka hannu."

Bayan 'yan makonni na karɓo shi. Muryarsa tana nan yadda take, sai wani baƙin tabo a baya inda ya fi kusa da gangar. In na daɗe ina kaɗawa ya ɗumama a jikina, har yanzu nakan ji ɗan ƙamshin ƙuli. Ammu ya ce ƙarya nake, amma kyanwar shagonsa ba ta zama kusa da kowa sai ni.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kawu Ɗanjuma bai yi ƙarya ba, garayarsa ce take son wuta, kuma ba kowane baƙo ake yi wa tarbar gida ba, sai an tambaye shi abin da jikinsa yake so. Yanzu in sanyi ya zo, ni nake matsawa kusa da gawayi, shi kuma yana can cikin akwati a ɗaya kusurwar. Na kuma daina ɓoye littafina a bayan buhun shinkafa. Kunyar da na kashe kuɗin babbar riga don in guje mata, da na tsaya na karɓe ta tun farko, layi huɗu ce kacal, kuma Tanko ne ma ya cinye ta.